Kundin aikin kafa firiyam a ƙaramin situdiyo: daga wayar ƙasa zuwa kalangu

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Kaya sun iso ɗakin naɗi. Abin da za a kafa firiyam ne mai layi ɗaya, Focusrite ISA One, akwatin da ke ƙara wa siginar makirufo ƙarfi. Zai zauna tsakanin makirufo da sawunkad, wato akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, domin ɗaukar murya da kayan kiɗan gargajiya. Ɗakin yana Kano, ƙafa 12 da ƙafa 10, wutarsa daga layin gari, janareta da inbata. Makirufo uku ne a hannu: Shure SM7B da SM57, dukansu dainamik, irin da ba ya bukatar wuta, sai Audio-Technica AT2020 wanda yake kondensa, irin da sai an ba shi wuta.

Ga wanda bai saba da harkar ba, abin da makirufo ke fitarwa ɗan mitsitsi ne. SM7B yana ba da milibolt 1.12 idan sauti ya kai dB 94 a bakinsa, kuma dB 94 ya wuce hira, ya kusa ihu. Kayan situdiyo kuwa a kan +4 dBu (ma'aunin ƙarfin sigina a waya) suke aiki, wato bolt 1.23. Tazarar ta haura ninki dubu. Cike ta shi ne aikin firiyam, kuma yawan ɗagawar da yake yi ita ake kira geyin. Sai dai ba ya zaɓe. Murya ce, gurnanin wuta ne, kukan fanka ne, duk abin da ya shiga bakinsa ninki dubu zai fito.

Fuskar akwatin: mamurɗin geyin mai tsalle dB 10-10 daga 0 zuwa 30, da maɓallin da ke mayar da shi 30 zuwa 60, sai ƙaramin mamurɗi na cikawa mai ƙara 0 zuwa 20 a hankali. Jimla dB 80. Akwai maɓallin +48V na wutar kondensa da ake kira fantom, na juya sigina, na filta mai yanke ƙasan sauti daga Hz 75, da na zaɓen imfidans, wato nauyin da mashiga ke ɗora wa makirufo. A mashigarsa akwai tiransifoma Lundahl LL1538, ƙirar Suwidin, kuma tsarin ya samo asali daga ISA 110 da injiniyan sauti Rupert Neve ya zana a 1985 domin situdiyon AIR na mai shirya waƙoƙi George Martin.

Yau ba a kunna shi ba. An dai karanta abin da ke rubuce a bayansa kusa da mashigar wuta, aka tabbatar ya dace da bolt 230, domin kayan da aka sayo daga kasuwar Amurka sau da yawa na 120 ne.

Laraba, 8 ga Janairu

An auna soket kafin a jona komai. Tsakanin layin wuta da nutural: bolt 214 da hantsi, 187 bayan magariba. Wannan an saba da shi. Abin da ya tsayar da aiki shi ne ramin sama na soket, na wayar ƙasa. Tsakaninsa da layin wuta mita ta nuna 90 da wani abu, tana ta rawa. Soket mai lafiya zai nuna kusan adadin da aka samu tsakanin wuta da nutural, sannan tsakanin nutural da ƙasa bolt ɗaya ko biyu kacal. Da aka kashe wuta daga babban akwati aka kwance soket ɗin, sai ga koriyar waya mai ratsin ɗorawa a nannaɗe a ciki, ba a ɗaure ta da komai ba. Ɗaya ƙarshen nata ma bai je ko'ina ba.

Illar biyu ce. Ta farko rai. Jikin makirufo ƙarfe ne, yana haɗe da jikin firiyam ta garkuwar waya, kuma leɓen mawaƙi na taɓa shi. Idan babu wayar ƙasa, cajar kwamfuta da ire-irenta kan ɗora wa jikin kayan kusan rabin wutar soket, da ɗan ƙaramin ƙarfi, shi ne wannan tsirar da ake ji kamar cizon tururuwa. Ranar da wata waya ta kwance a ciki ta taɓa jikin akwati, ba tsira za a ji ba. Ta biyu sauti: garkuwar da ba ta da inda za ta zubar da abin da ta kwasa, sai ta koma eriya.

A nan ya kamata a ja kunne kan wata dabara da ta yaɗu, ta karya ƙafar filogi ta uku don a kashe gurnani. Gurnanin kan tafi, gaskiya ne. Amma an cire abin da ke tsakanin mutum da wuta ke nan, kuma akwai hanyoyin kashe gurnani da ba sai an yi haka ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Mai aikin lantarki ya kafa sandar ƙasa mai rufin tagulla, tsawon mita 1.5, a bayan ɗaki kusa da magudanar ruwa inda ƙasa ke da danshi, ya ja waya mai kaurin 10 mm² zuwa babban akwati. Ya zuba gawayi da gishiri a ramin kamar yadda aka saba. Gishirin yana taimakawa a ƙasar da hunturu ya busar, amma yana cin ƙarfe, don haka an bar mahaɗar a inda za a iya buɗewa a duba duk shekara. An kuma sa birekar da ke yanke wuta da zarar miliam 30 ya zurare. Wannan ba ado ba ce: sanda ita kaɗai a busasshiyar ƙasa ba lallai ta ja wutar da za ta faɗar da bireka ta yau da kullum ba.

Awo bayan aiki: wuta da nutural 218, wuta da ƙasa 217, nutural da ƙasa 1.4.

Talata, 14 ga Janairu

Ranar wayoyi. XLR, wato wayar makirufo mai ƙafa uku a kai, shida ne a ɗakin, an gwada kowace da mita a kan ƙara, ƙafa da ƙafa. Ƙa'idar ita ce ƙafa ta 1 garkuwa, ta 2 sigina mai +, ta 3 sigina mai −. Sigina na tafiya a wayoyi biyu, ɗaya kishiyar ɗaya, shi ake kira balans. Hayaniyar da ta hau a hanya tana hawa dukansu daidai wa daida, tiransifoman mashiga kuma bambancin da ke tsakaninsu kawai yake gani, sai hayaniyar ta soke kanta. Dalilin da ya sa wayar makirufo ke iya yin mita 30 lafiya ke nan, alhali wayar jita ta fara kwasar ƙara tun daga mita shida.

Cikin shidan, huɗu sun fita lafiya. Ɗaya an musanya mata 2 da 3 a kai ɗaya. Ita kaɗai kunne ba zai kama ta ba, sai ranar da aka haɗa makirufo biyu a kan abu ɗaya. Ɗayar ta fi haɗari: an haɗe ƙafa ta 1 da ta 3 da dalma, alamar an taɓa amfani da ita a kan amfilifayar taro. Irin wannan waya ba ta da balans, kuma idan aka kunna fantom a kanta, ƙafa ta 3 za ta faɗi sifili ta 2 ta tsaya a sama, wutar ta bi ta cikin naɗin makirufo. Dainamik zai iya jurewa, ribon kuwa, makirufo mai siririn zirin ƙarfe a ciki, na iya mutuwa nan take. An yanke kawunan biyu aka sake liƙa su.

Sai gwajin fantom, wato bolt 48 da kondensa ke ci, wanda ke tafiya a kan wayar sigina ta cikin resista biyu masu om 6,800. Kamfanin Neumann ne ya fito da tsarin a 1966. An kunna firiyam, ba makirufo a jone, aka danna +48V: tsakanin 1 da 2 bolt 47.6, tsakanin 1 da 3 bolt 47.6, tsakanin 2 da 3 sifili. Ƙa'ida ta yarda da 44 zuwa 52. Sifilin nan shi ne muhimmi, shi ya sa dainamik a kan lafiyayyar waya bai ma san an kunna ba. Da aka jona AT2020 aka auna a cikin kan XLR, an samu kusan 41. Ba matsala ba ce. Makirufon na jan miliam 2, resistocin na cinye kusan bolt 7.

Doka daga yau: a jona waya tukuna, sannan a kunna fantom. Wajen cirewa, a kashe fantom, a ƙirga talatin, sannan a zare.

Laraba, 15 ga Janairu

Haɗin farko da sawunkad bai yi ba. An yi amfani da XLR kai biyu daga mafitar firiyam zuwa ramin sawunkad, irin ramin nan mai karɓar XLR da jak duka. Geyin bai wuce 30 ba fitilar sawunkad ta yi ja, murya ta tsage. Dalili: a yawancin ƙananan sawunkad, duk abin da ya shiga ta XLR ana ɗaukarsa makirufo ne, sai ya bi ta firiyam ɗinsu na ciki. An ɗaga sigina sau biyu ke nan. Ƙari a kan haka, idan wani ya danna fantom na sawunkad, bolt 48 zai doki mafitar firiyam. An canza waya zuwa XLR mace a kai ɗaya, jak mai zobe biyu a ɗayan, aka sa mashigar a kan LINE, aka mayar da geyin ɗinta ƙasa ƙurmus, aka manna mata tef don kada hannu ya kai.

Daga nan aka daidaita ma'auni, domin allurar VU mai nuna matsakaicin ƙarfin sauti da ke fuskar firiyam da lambobin da manhaja ke nunawa ba harshe ɗaya suke yi ba. An fitar da sautin gwaji na Hz 400 daga sawunkad zuwa mashigar LINE ta firiyam, lasifika a kashe, sauraron mashiga a kashe don kada sigina ya zagayo kansa. An zaɓi 400 maimakon 1,000 da aka saba saboda ƙananan mitocin auna wuta ba su da gaskiya a sama da nan. An murɗa har allura ta tsaya a 0, mita ta nuna bolt 1.23 tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3. Manhaja ta ce −16 dBFS, wato saura dB 16 a kai rufin da sauti ke tsagewa. Lissafi: rufin wannan sawunkad +20 dBu ne.

Wannan adadi ya bambanta daga akwati zuwa akwati. Gidajen rediyon Turai sun ajiye rufinsu a +18 dBu, tsarin Amurka a +24. Mu namu ya faɗo tsakiya. An tsayar da cewa matsakaicin murya zai zauna a −18 dBFS, wato allura tana wasa a wajen −2, ƙololuwa kada ta wuce −6. An kuma murɗa ɗan mamurɗin da ke bayan firiyam har fitilun ƙololuwa suka yi daidai da manhaja. Naɗi a kan 24-bit, kHz 48. Da 24-bit babu ribar komai a matse sigina kusa da rufi, wannan al'ada ce da aka gada daga zamanin kaset da 16-bit.

Litinin, 20 ga Janairu

Da SM7B a geyin 60 akwai gurnani a hedifon, siriri amma yana nan. Kafin a zargi kowa sai da aka raba hayaniyar ɗaki da ta lantarki. An liƙa resista mai om 150 tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3 a cikin kan XLR namiji, aka rufe, aka soka a madadin makirufo. Wannan makirufo ne kurma: firiyam na ganin nauyin da ya saba gani, amma ba iska ba murya. Duk abin da aka ji yanzu daga wuta yake.

Gurnanin bai tafi ba. Manhajar nuna zangon sauti ta nuna tsini a Hz 50, da wani a 150. An bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma ɗaya bayan ɗayan nan shi ne sirrin, domin wanda ya canza abu uku a lokaci guda bai san wanne ya yi magani ba.

Na farko, kwamfuta tana soket ɗin bango na gabas, firiyam yana na yamma. Hanyoyin ƙasa biyu ke nan, garkuwar wayar da ke tsakaninsu ta rufe zobe, wuta na zagayawa a ciki. An mayar da firiyam, sawunkad, kwamfuta da lasifika kan madaidaiciyar soket mai rami shida guda ɗaya. Tsinin ya sauka da kusan dB 8, bai ɓace ba.

Na biyu shi ne babban mai laifi, kuma ba a zata ba: sitabilaiza, wadda aka ajiye a ƙarƙashin tebur daidai ƙasan firiyam. A cikinta akwai ƙaton tiransifoma mai watsa maganaɗisu, a mashigar firiyam kuma akwai ƙaramin tiransifoma da dB 60 ke biye da shi. Ba waya tsakaninsu, ta iska suke gaisawa. Alamar da ke tona wannan ita ce idan aka ɗaga firiyam aka juya shi, gurnanin na hawa yana sauka. An janye sitabilaizar mita ɗaya da rabi zuwa lungu, tsinin 50 da na 150 suka nutse.

Na uku wani siririn kuka ne can sama, mai canzawa idan aka motsa linzamin kwamfuta. Da aka zare cajar laftof ya ɗauke. Cajar ba ta asali ba ce. An samo mai ƙafa uku ta gaske.

Awo na ƙarshe a geyin 60: da makirufo kurma −85 dBFS. Ba za a sauka ƙasa da haka sosai ba, domin resista mai om 150 ita kanta tana da hucinta na kusan −131 dBu saboda zafi kawai, ba firiyam a duniya da zai goge wannan. Da SM7B a ɗaki shiru, −78. Da fankar sama a kunne, −61. Wato fanka ta fi duk lantarkin ɗakin hayaniya da sama da dB 20. Mai shirin sayen firiyam mafi tsada don rage huci ya fara kashe fanka ya saurara.

Alhamis, 23 ga Janairu

Naɗin murya na gwaji, mai karanta labarai namiji.

Tsarin sa geyin: ƙaramin mamurɗi a sifili, lasifika a ƙasa, mai magana ya karanta ainihin rubutun da muryar da zai yi aiki da ita. “Gwaji, ɗaya, biyu” ba ya amfani, kowa a hankali yake faɗarsa. A hau da babban mamurɗi tsalle-tsalle har allura ta kusa inda ake so, a cike da ƙaramin. A kula da maɓallin 30–60, dB 30 yake ƙarawa a bugu ɗaya, a sauke hedifon kafin a taɓa shi. Ana cikin naɗi kuma ba a taɓa babban mamurɗi, tsallen dB 10 ba ya ɓoyuwa.

SM7B a tazarar yatsu huɗu ya zauna a 60 da ƙarin 5. AT2020 a tazarar taƙi ɗaya ya zauna a 40 da ƙarin 8. A takarda bambancin ƙarfinsu dB 22 ne, tazarar ce ta cinye sauran. Duk ninkin tazara yana zubar da kusan dB 6. Don haka idan mai magana ya ja baya daga santimita 8 zuwa 16, abin yi shi ne a ce masa “Malam, a ɗan matso”, ba a kai hannu ga geyin ba. Geyin zai ɗago shi tare da ɗakin gaba ɗaya.

Baƙaƙen Hausa suna da nasu hali a gaban makirufo. “F” ɗinmu da leɓɓa biyu ake yin ta, tana feso iska kamar “b” ko fiye, ita ce ke buga fatar kondensa ta ba da “bum”. “Ɓ” da “ɗ” ba su da wannan matsala, iskarsu ba waje take yi ba. “Ƙ” da “ts” kuwa ba su da iska mai yawa amma suna da kaifi, suna harbawa su wuce kafin allurar VU ta farga, domin allurar na bukatar kusan kashi uku cikin goma na daƙiƙa kafin ta kai inda za ta. A kan waɗannan fitilun ƙololuwa ake kallo. Jimlar da aka ajiye don gwaji: “Ƙwarya ta fashe fatsa-fatsa a bakin ƙofa.” Wanda ya karanta ta sau uku da ƙarfi bai wuce −6 ba, geyin ɗinsa ya zauna. An sa rariyar iska yatsu uku daga AT2020, aka ɗan karkatar da shi gefen baki, bugun ya tafi.

Filtar Hz 75 an bar ta a kunne ga murya. Tana zubar da dB 18 duk lokacin da adadin Hz ya ragu da rabi, tana kwashe rugugin manyan motoci da takun ƙafa, kuma muryar namiji ba ta cika sauka ƙasa da Hz 85 ba. Amma kada a mai da ita maganin gurnani. A Hz 50 kusan dB 11 kawai take ragewa, 100 da 150 kuwa ko kallonsu ba ta yi. Shi ya sa duk gwajin ranar Litinin da filta a kashe aka yi shi.

Talata, 28 ga Janairu

Maɓallin imfidans yana da matsayi huɗu: om 600, 1,400, 2,400 da 6,800. Imfidans a nan shi ne nauyin da mashiga ke ɗora wa makirufo, ƙaramin adadi nauyi mai yawa. Abin da aka saba shi ne mashiga ta ninka makirufo sau biyar zuwa goma.

Akwai tarko a gwajin. Makirufo mai om 150 yana asarar dB 1.9 a kan 600, 0.9 a kan 1,400, 0.5 a kan 2,400, 0.2 a kan 6,800. Kunne kuma duk abin da ya fi ƙarfi shi yake cewa ya fi daɗi. Sai da aka naɗi jimla ɗaya sau huɗu, aka daidaita ƙarfinsu a manhaja, sannan aka saurara ba tare da an san wanne ne wanne ba. A kan SM7B akwai bambanci na gaske amma kaɗan: 600 ya ɗan tsuke ƙasan murya, 6,800 ya sake ta. A kan AT2020 uku na sama ba wanda ya iya rabewa, domin kondensa yana da lantarkinsa a ciki da ke tsare shi. 600 kuwa ba a ba kondensa shi, yana sa shi gajiya da wuri idan sauti ya yi ƙarfi. An tsaya a 2,400 ga dainamik, 6,800 ga kondensa. Maɓallin bai kai surutun da ake yi a kansa ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Minti ashirin babu sauti. Waya lafiya, fantom lafiya, sawunkad lafiya. Ashe wajen goge ƙura an danna INSERT, kuma babu komai a jone a ramukansa na baya. Sigina ya fita neman kwamfuresa, na'urar daidaita ƙarfin sauti da ake jonawa a nan, bai samu hanyar dawowa ba. An ƙara shi cikin abubuwan dubawa kafin a fara kwance wayoyi, tare da maɓallin zaɓen mashiga, wanda shi ma kan koma LINE ba a sani ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Kalangu da gurmi.

Kalangu ya rusa duk lissafin murya. An sa SM57 santimita 15 daga fatar da ake bugawa, a karkace don ya kauce wa sandar kiɗa, geyin 30 ba ƙari. Allura da ƙyar take kai −10, amma fitilu na taɓa −8 dBFS. Wanda ya bi allura ya ƙara geyin, bugun farko na gaske zai fasa rufi. Makaɗi kuma in ya yi zafi yakan ƙara dB 6 a kan abin da ya yi a gwaji, don haka aka sauke zuwa 20 da ƙarin 6. An kashe filta, saboda idan ya saki tsarkiya sautin na sauka ƙasa sosai, kuma nan daɗin yake.

An gwada makirufo na biyu, AT2020, a ɗaya fatar, ta firiyam na cikin sawunkad tunda namu layi ɗaya ne. Da aka haɗa biyun sai kalangun ya rame, ƙasansa ya ɓace. Lokacin da fatar gaba ta shiga ciki, ta baya waje take fitowa, makirufo ɗaya na ganin ja ɗayan na ganin turi, suna cin juna. Danna maɓallin juya sigina a ISA One ya dawo da jikin sautin. Ana gwada wannan ne da layukan biyu a tsakiya, ƙarfi ɗaya, a danna a saki, a bar inda ƙasa ta fi cika. Maɓallin ba ya gyara bambancin tazara. Idan makirufo ɗaya ya fi ɗaya nisa da santimita 30, sauti na isa gare shi a makare da kusan milisakan 0.9, sai a samu rami a wajen Hz 570. Wannan da matsar da sanda ake gyara shi, ko a ja layin a manhaja.

Gurmi bai ba da wahala ba. AT2020 santimita 30 daga ƙwarya, geyin 40 da ƙarin 4, filta a kunne. Abin da ya ɓata ɗauka biyu wayar salula ce a aljihun makaɗi, wannan “dit-dit-dirrr” da layin 2G ke yi a Hz 217. Yanzu akwai kwando a bakin ƙofa.

Litinin, 10 ga Fabrairu

An maimaita gwajin makirufo kurma a kan wuta uku. Layin gari −85. Inbata mai tsabtataccen zango −85. Janareta −80, da tsini a Hz 52 wanda ke yawo idan firji ya tashi, shaidar cewa daga injin yake. An aro tsohuwar inbata mai zango mai kusurwa don kwatance, ta ba da ziza tun daga 150 har sama, tiransifoman wutar firiyam ma yana kuka a jikinsa, aka cire ta cikin minti ɗaya. Hukunci: naɗi a kan inbata da batir, janareta ya yi caji kawai tsakanin ɗauka. Wannan ya kuma kawar da ƙarar “ƙas” da sitabilaiza ke sakawa a layi duk lokacin da ta canza mataki.

Ƙurar hunturu ta fara kwanciya a bakin mamurɗai. An ɗinka wa akwatin riga, ana rufe shi bayan ya huce, ba yana kunne ba, kuma an bar tazarar yatsu huɗu a samansa don iska. Saboda bushewar iska, a taɓa ƙarfen tebur kafin a taɓa makirufo. AT2020 na kwana a akwatinsa da ƙullin silika, wanda amfaninsa na gaske sai damina.

An manna takarda a bango. Kunnawa: firiyam, sawunkad da kwamfuta, lasifika a ƙarshe. Kashewa: lasifika da farko. A ƙasanta jadawalin geyin na kowane makirufo da tazararsa.

Saura kwamfuresa da za a jona a INSERT, ana jiran jak mai zobe biyu guda biyu masu tsawon rabin mita. Akwai shawarar sa allon rarraba wayoyi na jak, amma layin makirufo ba zai bi ta cikinsa ba, domin jak na haɗe ƙafafu a lokacin da ake soka shi, kuma da fantom a kunne wannan bugu ne kai tsaye ga makirufo. Za a yi masa faranti na XLR daban a bango. Sannan akwai wani ɗan tsini a Hz 100 da ke bayyana bayan ƙarfe bakwai na dare kawai, a −92 dBFS. Ana zargin fitilar LED ta baranda, wadda ke layi ɗaya da ɗakin. Gobe da magariba za a kashe ta a sake aunawa.